Tandun Inna da Kwalaben Matar Ƙanena

Zuwa ga Hajiya Ummusalma,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ya fi ƙarfin in gaya wa wani a Jibiya. Garin nan in ka faɗa wa mutum guda magana da hantsi, kafin la'asar ta haye boda ta isa Maraɗi. Kada ki sa sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne, amma in masu su sun karanta za su gane kansu, kuma ban damu ba.

Ni mace ce da ta ba hamsin baya. Sana'ata kayan kwalliyar mata: lalle, humra, turaren wuta, kwalli. Daga Maraɗi nake sarowa in sayar a gida, kuma na daɗe a kai, har 'yan duwan na can da 'yan kwastan na nan sun san fuskata. Aure biyu na yi, Allah bai ba ni haihuwa ba, na dawo gidanmu na zauna. Ƙanena, mu ce Nasiru, ni na goye shi bayan rasuwar Innarmu, ni na yi mashi aure. Direba ne tsakanin Jibiya da Maraɗi. Da ya tashi neman mata bai ga 'yan matan Bugaje ba, bai ga na Mazanya ba, sai da ya je cikin Katsina ya ɗauko mana 'yar boko. Ki kira ta Nafisa. Ni dai a raina Hajiya Kwalabe nake ce mata.

Wai digiri na biyu take yi a jami'a, kan kimiyyar sinadarai, kemistiri suke cewa. Na farkon bai ishe ta ba. Na tambaye ta ko in ta gama likita za ta zama, ta ce a'a. Na ce to mai ba da magani, ta ce a'a. Wai ita mai bincike ce. Binciken me, wa ya ɓata? Na ga hotonta a waya da farar riga da safar hannu da wani gilashi kamar mai walda, tana riƙe da kwalba tana murmushi. Shekaru ana tashi da asuba ana bin mota zuwa Katsina don a juye ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan. Ko gishirin miya za ta zuba sai ta tsaya tana duban cokalin kamar zai gudu.

Duk da haka ban tsane ta ba da farko. Wata rana ta shigo ɗakina ta zauna tana ta tambayata game da kwalli: wane iri ne wannan, daga ina ake kawo shi, ta yaya ake niƙa shi. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina yarinyar ta fara hankali, tana son ta koyi sana'a. Ni da ƙafata na ɗauke ta muka haye Maraɗi, na kai ta wurin Malam Arzika da nake saye a hannunshi, na zagaya da ita rumfa-rumfa ina ce masu ga matar ƙanena, ita za ta gaje ni. Tana ta karɓar ɗan wannan da ɗan wancan, tana ƙullewa a leda tana maƙala lamba. Da muka dawo ta roƙe ni in ɗebar mata kaɗan daga tandun Inna, na ɗebar mata. Ashe ba gado take nema ba, abin rubutawa take nema. Ni na yi mata jagora ta tona mani asiri.

Tandun nan na fata ne, Inna ta zo da shi daga Gangara ranar aurenta. Duk jaririn da aka haifa a danginmu, daga cikinshi ake fara sa mashi kwalli, a ja mashi gira, kuma babbar mace ta gidan ita ke sawa. Bayan Inna ni ce. Ba na zuba komai a ciki sai dutsen nan mai ƙyalli, na ainihi, wanda nake niƙawa da hannuna har ya yi laushi kamar hoda.

Sai Nafisa ta haihu, ɗiya mace. Haihuwar fari ce, don haka a gidan iyayenta take. Ranar suna muka cika mota da matan Jibiya da na Gangara muka tafi. Da safe aka raɗa wa yarinya sunana. Nasiru ya ce wai Nafisa ce ta zaɓa, ni kuwa yanzu na gane toshiyar baki ce. Aka miƙo mani takwarata, na ga ido fari fat, ba kwalli ba gira, sai ka ce yarinyar da ba ta da dangi. Na yi bismilla na fiddo tandu. Hajiya, mai jegon da ya kamata ta sunkuyar da kai, wadda ko kallon ɗiyar fari bai kamata ta yi ba a gaban dangin miji, ita ce ta taso daga kan gado ta riƙe mani hannu. Ta ce, "Yaya, don Allah kada ki sa mata. Na auna shi, dalma ce a ciki, guba ce."

Ki tuna ni wace ce: macen da ba ta taɓa haihuwa ba, riƙe da jaririyar wani, an ambaci guba. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu, wai goggo ta so ta zuba wa jaririya wani abu a ido uwar ta kama ta. Wata maƙwabciyarmu da ta saba aiko ɗiyanta sayen lalle ta daina. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka sake ni. Daga baya na ji wai ta daɗe da gaya wa Nasiru ya faɗa mani tun tana da ciki, shi kuma ya yi shiru. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba ruwana, ba hannun Nasiru aka riƙe ba.

Yanzu ki ji irin hujjar tata, ki gaya mani ko akwai hankali a ciki. Da ta dawo daga wankan jego ta zo wai za ta yi mani bayani. Ta ce suna ɗaukar kwallin su narkar da shi a cikin wani ruwa mai ƙona fata, irin na batir, sannan su sa a wata na'ura mai hura wuta ta nuna masu lamba. Na ce to ai shi ke nan. Ko tuwo ka zuba wa ruwan batir ka ƙona shi ai ya zama guba. Ni ruwan batir nake sa wa yara a ido? Ta ce wai akwai kaɗan daga cikin waɗanda ta auna da ba ta sami dalma a ciki ba. Kin san waɗanne? Waɗannan baƙaƙen marasa ƙyalli, na hayaƙi, masu kama da baƙin tukunya, waɗanda ko kyauta ba na bayarwa. Wato injinsu ya ce na banza shi ne mai kyau, mai kyau shi ne guba. Wannan shi ne digiri na biyu.

Mu duka da kwallin nan aka rene mu. Inna har ta rasu tana zura zare a allura da kanta. Nasiru yana hango shingen jandarma tun daga nesa kafin fasinjojinshi su ankara. Wa ya makance a gidanmu? Kuma kwalli ai sunna ne, ko shi ma sai an kai shi an auna?

Da yarinya ta yi ƙwari, lokacin komawar Nafisa makaranta ya yi. Ɗakin gwajin nasu ba a shiga da yaro, kuma uwar Nafisa ba ta da lafiyar reno. Sai aka tuna da ni. Ranakun da za ta tafi sai ta kawo mani takwara da nonon da ta tatsa, shi ma a kwalba, komai nata a kwalba yake. Sharaɗi guda ta kafa, ban da kwalli. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro ya bar damunka. Tana fita in yi wa takwara wanka, in ja mata ido da gira, ta fito fes kamar Inna ta dawo. Kafin uwar ta dawo in goge. Ba na jin na yi laifi, haƙƙin yarinya na ba ta.

Ran nan aka ɗauke masu wuta a makaranta, ta dawo da wuri ta same mu. Da ma ta yi faɗa, da na ji daɗin ramawa. Ta ɗauki ɗiyarta, ta zauna bakin rijiya tana wanke mata ido tana hawaye. Tun daga ranar ba ta sake zuwa makaranta ba. Ina jin ta ta katanga tana ba farfesan da ke duba aikinta haƙuri a waya, wai ya ce in ba ta koma cikin zangon nan ba za a ba wani gurbinta a na'urar, aikin duka ya tashi a banza. Ni ko a jikina. Da ma can banza ne.

Abin da ya dame ni shi ne takwarata. Nafisa tana zuwa ta durƙusa ta gaishe ni kullum, ta kawo mani abinci, amma takwara na ɗaure a bayanta kamar ni kura ce. Shekaranjiya yarinyar, da yake ta fara rarrafe, ta nufo ƙofata tana dariya, ina miƙa hannu uwar ta zo ta sure ta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Nasiru kuwa da ya ga na buɗe baki sai ya tuna yana da lodi.

Don haka ki ba ni dabara. Ta yaya zan sa Nasiru ya tsaya kamar namiji ya kashe maganar karatun nan gaba ɗaya, ta zauna ta san gidan da ta shigo yana da manya, a dawo mani da mutuncina da takwarata?

Goggon Jibiya

*

Zuwa ga Goggon Jibiya,

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wasu wurare don bakinki akwai kaifi, amma da na zo ƙarshe dariyar ta tsaya. Dabarar da kika nema ba zan ba ki ba. Zan ba ki abin da ya fi ta, in kin daure kin karanta.

Bari in fara da inda aka cuce ki. Abin da ya faru ranar suna ya yi ciwo, kuma ba ki cancanci maganar da aka yaɗa a kanki ba. Nafisa ta yi kuskure da ta aika miji da saƙon da ya kamata ta zo ta durƙusa ta faɗa miki da bakinta, ke da kika zagaya da ita kasuwar Maraɗi da zuciya ɗaya. Ilimi bai ɗauke wa mutum sanin yadda ake magana da babba. Amma babban mai laifin ranar shi ne ƙanenki. An ba shi magana ta watanni ya zauna a kanta don tsoron fuskarki, ya bar mata biyu suka yi karo a gaban jama'a, yanzu kuma yana ɓuya a bayan sitiyari. Wannan kike so ya tsaya kamar namiji? Ya fara tsayawa ya ba ki haƙuri, ya ba matarsa.

Yanzu ga naki. Dalma ba ƙirƙirar 'yan kwalabe ba ce. Kin ji abin da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, kuma ba nisa ne da ku ba. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa kwallin dutse mai ƙyalli sau da yawa dalma ce tsagwaronta. Ruwan da Nafisa ke narkar da shi a ciki ba ya ƙirƙirar abin da babu, fito da abin da ke ciki yake yi, kamar yadda ruwa ke fito da jan lalle. Shi kuwa jariri ba ya buƙatar ruwan batir. Yana murza ido ya sa yatsa a baki, hawayensa na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro, sauran aikin cikinsa ne zai yi. Kin ce ba wanda ya makance a gidanku. Dalma ba ido ta fi nema ba. Jini take shiga ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai an kai shi makaranta a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa. Maganar sunna kuwa, ki tambayi malamin da kika yarda da shi ko addini ya ce a ci gaba da abu bayan an tabbatar yana cutar da yaro. Ba duk dutsen da aka ƙulla a kasuwa aka kira kwalli ne wanda aka yaba ba.

Kuma kin yi alkawari kin karya, kina ba ni labarin kamar wata bajinta. Wannan ne ya fi ba ni takaici a wasiƙarki. Yarinyar da kika raina ta kawo miki abin da ta fi so a duniya ta ajiye a cinyarki, bayan duk abin da ya wuce tsakaninku. Ke kuma kika jira ta juya baya. Ba raini ne ya sa take ɗaure 'yar a bayanta ba, tsoro ne, kuma ke kika koya mata shi.

Abu na farko, kuma ba na jira ba: a kai takwararki asibiti a gaya wa likita gaskiyar yadda aka riƙa sa mata da tsawon lokacin, a nemi gwajin jini. Ke kaɗai kika san amsar waɗannan tambayoyi, don haka ki bi su. Kada ki firgita, an tsayar da abin da wuri, muna fatan alheri. Sannan ki bar sa wa jariri komai a ido, mai ƙyalli ko marar ƙyalli, har sai likita ya ce. Ki kuma zauna da Nafisa ta nuna miki sakamakon abin da kuka kwaso tare. Kina sayar wa uwayen Jibiya kayan nan, sun yarda da hannunki. Yanzu da kika sani, nauyinsu na wuyanki, kuma macen da za ta iya cewa an auna kayanta ba za ta rasa masu saye ba.

Tandun Inna kuma, ba wanda ya ce ki yar. Ki juye abin da ke ciki inda yara ba za su kai ba, ki ɗauki tandun da hannunki ki kai wa Nafisa ki ce ta ajiye wa takwararki. Baki kaɗai ba zai wadatar ba, don kin taɓa cewa to. Girmanki ba zai zube don kin taka zuwa ɗakin matar ƙanenki ba. Ita ma, in tana karanta wannan, ta ɗauki mijinta su je wurin matan da suka ji maganar ranar suna, ta faɗa da bakinta cewa dutsen ta zarga, ba ke ba. Ita ta furta kalmar a gaban jama'a, ita za ta wanke ta.

Saura abu guda da ban ga alamar kin lura da shi ba. Kina roƙona in taya ki kashe karatun nan don a dawo miki da takwararki. To ki tsaya ki duba. Ranar da Nafisa ta ajiye karatu, ta zauna gida ke nan, 'yarta na bayanta safe da yamma, ba ta da buƙatar mai reno har abada. Waɗancan ranakun da kika yi wa yarinya wanka, ta yi barci a ƙirjinki, wa ya ba ki su? Kwalaben da kike yi wa dariya ne. Duk safiyar da Nafisa ta hau motar Katsina, ke ake miƙa wa 'yar. In gurbinta a na'urar ya tafi, naki ma ya tafi tare da shi. Sunan da kika kira toshiyar baki kuwa, mace ba ta sa wa 'yarta ta fari sunan wadda ta raina, sunan da za a kira ta da shi har kabari.

Zangon bai ƙare ba tukuna, yarinyar kuma ta riga ta san hanyar ƙofarki. Ki tashi da tandun nan yau. Allah ya ba takwararki lafiya da kaifin basira, ya ba uwarta sa'ar kammala karatunta, ya sanyaya miki zuciya, ya nuna miki ranar da yarinyar za ta shigo ɗakinki da ƙafarta ba mai sure ta.

Taki,
Hajiya Ummusalma